Tsibirin Da Babu Teku

A arewacin Sikotland, cikin jerin tsibiran Orkney, akwai wasu guda biyu, Westray da Papa Westray, waɗanda tazarar da ke tsakanin filayen jirginsu kilomita 2.7 ce kacal. Tun shekarar 1967 kamfanin Loganair ke jigila a tsakaninsu. Ƙaramin jirgi ne mai cin fasinja takwas, tafiyar kuwa ba ta kai minti biyu ba. Kafin mutum ya gama addu'ar matafiyi har an sauka. Mazauna Papa Westray ba su cika ɗari ba, amma hukumar yankinsu tana tallafa wa jirgin da kuɗi, domin malami da ɗalibi da ma'aikacin lafiya su ƙetare ruwan. Gajertar tafiyar ce ke ba duniya mamaki. Ni kam abin da ya tsaya mini a rai shi ne an ga mutane 'yan kaɗan haka sun cancanci a kai gare su.

Ban taɓa ganin teku ba, ban kuma taɓa hawa jirgi ba, amma na san zaman tsibiri. Mu mutanen ƙasar Kazaure, tun da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, in za mu Dutse galibi sai mun ratsa Kano, wato mu fita daga jiharmu kafin mu isa babban birninta. Wannan mai sauƙi ne, har raha muke yi da shi. Wanda ba a raha da shi yana zuwa ne a watan Agusta. Ƙauyenmu yana ƙasar Gwiwa, bayan wani rafi da ba shi da gada. Da rani yashi ne, yara na tamaula a ciki. Idan aka kwana ana ruwa kuwa, sai ya cika ya batse, babur ya tsaya, amalanke ta tsaya, gari ya koma kallon ƙetare.

Shekarar da gwaggona ta sauke farali, jirginsu ya ci fiye da kilomita 3,000 zuwa Jidda cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Ta kira mu tana al'ajabin agogonsu ya riga namu da awa biyu. A daminar shekarar ce naƙuda ta tsananta wa yayata. Daga la'asar muke bakin rafin da ita kwance a amalanke, muna hango motar da muka kira a ɗaya gaɓar, direban na ta kunna mana fitila kamar hakan zai janye ruwan. Sai bayan isha'i samari huɗu suka ɗauke ta a kan ƙyauren ɗaki, ruwa iya ƙirji. Ita ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba.

Da rani ya shigo na koma na auna rafin da ƙafata, daga gaɓa zuwa gaɓa. Taku saba'in da huɗu ne.