Daga Gazawa zuwa Tsibiri: takobin ado da takobin gado

Sunan jaririn wani abokina na lakkol ne ya kai ni Gazawa, amma abin da na komo da shi Yamai a zuciya shi ne zancen takubba. Bayan an watse, wani ɗan kasuwa da ke sayo kaya a Sin ya ja ni zuwa falonsa don in karanta masa wata takarda ta Ingilishi. A bango, bisa talabijin, ga takubba uku an jera kan maratayi na katako, ruwan ɗaya shuɗi, na biyu ja kamar garwashi, na uku launin zinariya. Ya ce mini: "Malam, waɗannan na sarakunan Japan ne." Takardar kuwa ba ta ambaci Japan ba ko sau guda.

Sai da na yi dabara kafin in faɗa wa Alhaji gaskiya, don ba a kushe wa mutum kayansa a cikin gidansa. Siffar dai ta katana ce, wato takobin Japanawa mai lanƙwasa da kaifi ɗaya. Amma katana ta asali ba ta da launi, adonta shi ne wani layi mai kama da igiyar ruwa da ke fitowa kusa da kaifi lokacin da maƙeri ya shafe ruwan takobin da laka ya tsoma shi cikin ruwa. Tun 1876 aka hana yawo da takobi a Japan, kuma a yau maƙeri sai ya yi shekara 5 yana koyo kafin ya samu izini, ba ya kuma ƙera dogon takobi fiye da 2 a wata. Abin da ke cika kwantena zuwa kasuwanninmu aikin masana'antu ne, galibi na Sin, inda garin Longquan ya yi suna a wannan sana'a. Launin shafi ne a kan ƙarfe, bai kai kaurin fatar albasa ba.

Ban ga laifin mai son ya ƙawata ɗakinsa da su ba, muddin ya san abin da ya saya. Wanda zai saya ya riƙe mariƙin ya girgiza a hankali, in ya ji motsi ko ƙara ya ajiye. A masu arha, wata siririyar sanda ce ake liƙa wa ruwan takobin ta shige cikin mariƙi, kuma in yaro ya ɗauka ya kai sara, nan take karyewa, ruwan ya tashi ya faɗa inda ba a so. Kada a goge su da toka ko yashi ko lemun tsami kamar yadda ake wanke tukunya, shafin zai tafi ba ya dawowa. Tsumma mai laushi da ɗigon man keken ɗinki sun isa, a nisanta su da rana da hannun yara. Japanawa kan ajiye nasu kaifi na kallon sama don kada ya ci kube. Na Alhaji duk a kife suke. Muka juya su tare muna dariya.

Kashegari na kama gudoro na yi yamma. Gorubar Gulbin Kaba ta raka mu har muka doshi Agye, inda gonaki suka cika da gawo da sabara da kalgo, albarkar manoman da suka daina tumɓuke kututture suna renon tohonsa. A bayan kasuwa na zauna a wata maƙera. Tsohon da ke wurin hauya da gatari da lauje yake yi, takobi sai in an yi masa oda, daga ƙarfen sifirin na tsohuwar mota. Da na nuna masa hoton takobin Alhaji mai shuɗi, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce: "Ɗana, mu ma muna da wannan launi, amma namu magana yake yi."

Ya sa jikansa ya kama zuga-zugi. Ya ɗauko wata wuƙa da ya riga ya tsoma a ruwa, ya goge ta ta yi fari, ya ɗora gadon bayanta kan garwashin ƙirya. Ina kallo launi ya fara tafiya bisa ƙarfen, fari ya koma kamar karan hatsi, ya koma ƙasa-ƙasa, ya yi jaja-jaja, shuɗi na biye. Kafin shuɗin ya kai kaifi ya fizge ta da awartaki ya tsoma. Littafin kimiyya na cewa launin kara yana fitowa wajen digiri 220, shuɗi wajen 300, kuma gwargwadon hawan zafi ƙarfe ke rage tauri yana ƙara juriya. Tsohon bai san digiri ba, amma ya san wuƙar aski launin kara take so, takobi kuwa yana son ya kusanci shuɗi don ya lanƙwasa ya miƙe ba tare da ya karye ba. Na yi shekara bakwai tsakanin kolej da lise, ba wanda ya nuna mini wannan.

Caduwa da Maraɗi wucewa kawai na yi. Tsibiri, a gundumar Gidan Rumji, nan ne takobi ke da gida. Garin kansa yaƙi ne ya haife shi: bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da kashin da Gobirawa suka sha a Gawakuke a 1836, inda Sarki Ali ya rasu, Mayaƙi ya tattara sauran jama'a ya kafa Tsibiri kusa da Katsinawan Maraɗi. Ran Salla har yanzu mahaya na fitowa da takobi a rataye da hamila. Ba Gobir kaɗai ba, fadar Katsina na riƙe da Gajere, takobin da ake dangantawa da Korau, Daura kuma na nuna wanda ake cewa da shi Bayajidda ya sare macijiya.

Wani dattijo daga zuriyar bayin sarki ya fito mini da nasu naɗe cikin tsohuwar fatala. Miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, da kwari uku a tsakiyar ruwa, bakinsa a zagaye saboda yawan wasawa, kubensa na jar fata aikin dukawa. Kusa da mariƙi akwai tambarin jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum. Irin wannan tambari daga maƙeran Turai ya samo asali, musamman na Solingen a Jamus, waɗanda fatake suka riƙa ƙetaro da ruwan takubbansu ta hamada, daga baya maƙeranmu suka kwaikwayi tambarin. Ashe sayen takobin waje ba yau aka fara ba. Bambancin shi ne wancan ƙarfe ne aka sayo don aiki, aka yi masa riga ta gida.

Kulawar da yake yi masa ba ta da yawa. Da damina yakan zare shi lokaci-lokaci ya sha iska, domin fatar da aka jeme tana riƙe laima, tsatsa kuma cikin kube take fara cin ƙarfe. Yana shafa masa mai kaɗan, ba ya jingine shi a bangon ƙasa saboda gara. Abin da na roƙe shi kawai shi ne ya hana yara goge shi da takardar yashi, don da yawa sun shafe tambarinsu garin neman ƙyalli.

A nan ne ya gaya mini abin da ya sa na rubuta wannan. Dillalan kayan tarihi na zagaya ƙauyuka, sun san gidan da rumbu ya yi ƙasa. Tun da ƴan bindiga suka addabi kan iyaka, har dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara suka kwararo yankin Gidan Rumji a 2019, mutane da dama sun rasa dabbobin da a da suke sayarwa in talauci ya matsa, sai a koma ga abin da ke ƙarƙashin gado. Shi ma an zo masa. Wani ya taya takobin da kuɗin buhun hatsi, ya ƙara da sabon takobi mai ruwan zinariya, irin na Gazawa. Babban ɗansa ya so a karɓa, yana cewa a filin hawa wa zai gane bambanci.

Ma'aikata da ƴan kasuwa masu karanta wannan shafi, mu ne ke da ƴan kuɗin sayen na ado, kuma kusan kowanenmu na da gida a ƙauye. In kun je Salla ku tambaya ko akwai takobi a ɗakin tsoho. Ku ɗauki hotonsa da tambarinsa, ku rubuta sunan wanda ya fara riƙe shi da yaƙin da aka ce ya je, tun masu sani suna da rai. In dole sai an sayar, gara ɗan dangi ya saya.

Na tambayi dattijon abin da ya yanke. Ya ce bana dai Allah ya rufa asiri, wata ɗiyarsa da ke aure a Maraɗi ta aiko da hatsi. Ya mai da takobin kube, ya naɗe shi da fatalar, ya ce dillalin ya bar lambar wayarsa wurin ɗan nasa, ya kuma ce zai sake biyowa kafin shuka.