Koyon Sauke Jirgi a Kwamfuta: Kundin Kwanakin Hunturu

Asabar

Tashi ba ya ba ni wuya. A manhajar X-Plane, in ka ajiye ƙaramin jirgin nan Cessna 172 a bakin titi, ka tura totur har ƙarshe, gudu ya kai not 55 ka ɗan ja sandar tuƙi, shi da kansa yake rabuwa da ƙasa. Dawowar ce aiki, kuma ita zan ba duk yammacin da na samu bayan La'asar har hannuna ya faɗa.

Na zaɓi filin jirgin Malam Aminu Kano, titi mai lamba 06. Lambar alƙiblar titin ce a kan kamfas, digiri 60, aka yar da sifirin ƙarshe. Mai shigowa ta ɗaya bakin 24 zai gani, wato digiri 240. Jirgi iska yake fuskanta in zai sauka, don ta rage masa gudu a kan ƙasa. Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka a wannan lokaci 06 ne nawa. Tsawon titin ya haura kilomita uku, alhali wannan jirgi bai buƙatar ko rabin kilomita ya tsaya. Fili ya wadata. Abin da ya rage shi ne in iso shi da natsuwa.

Lahadi

Yau zagaye na yi ta yi. Ka tashi, ka karya hagu, ka sake karyawa ka bi gefen titi kana komawa baya, a tsayin ƙafa 1,000 daga ƙasa. Da yake filin Kano kansa yana kan tudu na kimanin ƙafa 1,560 daga teku, agogon tsayi wajen 2,560 zai nuna. Daidai da bakin titi sai ka rage totur zuwa juyi 1,500, ka sauke filaf na fiffike digiri 10. Ka karya hagu ka ƙara zuwa 20. Ka sake karyawa ka fuskanci titi, filaf 30, gudu not 65, kimanin kilomita 120 a sa'a.

A rubuce abin a jere yake, amma a hannu gudun ya ƙi zama: in na gyara tsayi ya kufce, in na kamo shi tsayi ya kufce. Da daddare na buga wa yayana, ɗan kawuna, wanda ya koyi tuƙi a kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964.

"Yaya, ya ake riƙe su biyun a tare?"

"Ƙanena, raba musu aiki. Hanci ne mai riƙe gudu, totur ne mai riƙe tsayi. In ka ga ka yi ƙasa, kada ka ja sanda, ƙara wuta."

Wannan ya saɓa da abin da jiki ke so. Mutum in ya ga ƙasa na taso masa, hannunsa ja zai yi. Amma jan hanci sama a ƙaramin gudu cinye sauran gudun yake yi, kuma in ya faɗi zuwa wajen not 40 fiffike ya daina ɗaukar jirgin ke nan.

Litinin

Na ba kowanne aikinsa, na kuma daidaita tirim, mai ɗauke wa hannu nauyin sanda, har jirgin ya riƙe not 65 ko na sassauta hannu. Nan da nan idona ya samu sarari ya dubi waje.

A hagun titi akwai fitilu huɗu a jere da ake kira PAPI. Biyu farare biyu ja, kana kan hanya. Farare sun yi yawa, ka yi sama. Ja sun yi yawa, ka yi ƙasa. Hanyar da suke nunawa gangare ne na digiri uku, kuma matuƙa suna da lissafin baki a kai: ka ninka gudunka a kan ƙasa sau biyar, ka samu ƙafa nawa za ka riƙa sauka a minti. A not 65, wajen ƙafa 325 ke nan.

Akwai kuma abin da ya fi fitilu daɗin koyo. Ka zaɓi wuri ɗaya a titi, kamar manyan fararen zanen nan biyu, ka lura da shi a gilashin gaba. In yana hawa sama a gilashin, ba za ka kai shi ba. In yana zamewa ƙasa, za ka wuce shi. In ya tsaya cak yana girma kawai, can ka nufa. Da wannan kaɗai mutum zai iya sauka inda babu fitila ko ɗaya. Na tuna jiragen farko da suka zo Kano a Nuwamban 1925, guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar, a filin dawakai suka sauka, ido ne jagoransu.

Talata

Daƙiƙun ƙarshe. A tsayin da bai wuce na ɗaki ba, ka janye totur gaba ɗaya, ka ɗago hanci har jirgin ya daina gangarowa ya bi titi a miƙe. Daga nan aikinka shi ne ka hana shi sauka: yana rage gudu kana ƙara ja kaɗan kaɗan, har ƙahon gargaɗi ya fara kuka, tayoyin baya biyu su taɓa, na gaba ya biyo a hankali. Kamar mai sauke tulu cike da ruwa daga ka ne, duk kulawar tana taƙin ƙarshe kafin gindinsa ya taɓa ƙasa.

Abu biyu na gano. Na farko, gudu in ya yi yawa ko da not biyar ne, jirgin sai ya yi ta shawagi a kan titi. Dalili shi ne in fiffike ya kusanci ƙasa da ƙasa da tsawonsa, mita 11 a wannan jirgi, tirjiyar iska raguwa take yi. Wanda ya gaji da jira ya tura hanci, tayar gaba ce za ta fara bugawa, jirgin ya yi tsalle, tsalle na biyu ya fi na farko. Na biyu, ido. Muddin ina kallon kwaltar da ke gaban hanci, ba na iya auna tsayi. Da na mayar da ido can ƙarshen titi, sai na fara ganin gefunansa suna buɗewa, hannuna ya san lokacin ja.

Laraba

Na sa iska ta riƙa bugowa daga dama, not 10. Littafin jirgin ya ce an gwada shi har not 15. Tun daga nesa dole ka karkata hanci cikin iskar, jirgin yana tafiya a kaikaice amma yana bin layin tsakiya. Dab da taɓawa ka taka fedar hagu ka miƙe hanci, ka kwantar da fiffiken dama don kada iska ta ɗebe ka. Tayar dama ita ke fara taɓawa, kuma haka ake so. Sandata murɗawa ake yi a madadin feda, don haka yau wuyan hannu ne ya sha aiki.

Alhamis

Hazo ya rufe gari tun safe, sai na sa irinsa a kwamfuta, na rage gani zuwa mita 1,500. Titi ya ɓace. Na kama siginar ILS mai jagorantar sauka: allura ɗaya a tsaye tana nuna hagu da dama, ɗaya a kwance tana nuna sama da ƙasa, kai kuma ka riƙe su a gicciye da gyara ƙanana. A matakin farko na ILS, matuƙi na iya gangarowa har ƙafa 200. In bai ga titi ko fitilunsa ba a nan, dole ya tashi.

Saboda irin wannan rana aka fara daraja na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi. Edwin Link ya ƙera tasa a Amurka a 1929, da dabarun da ya koya a masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa. A 1934, da aka ɗora wa sojojin sama jigilar wasiƙu suka yi ta rasa matuƙa a mummunan yanayi, sai suka sayi guda shida. A Yaƙin Duniya na Biyu matuƙa sama da dubu 500 sun koyi bin agogo a cikin wannan akwati. Abin da nake yi a teburina jikan wancan ne.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci na je gaishe da Yaya, na nuna masa saukar da na ɗauka. Bai ko jira taɓawar ba, ya tsayar da ita a ƙafa 500.

"Duba nan, ƙanena. Gudu 75, farare uku, kana gefen layi. Ko da ta yi laushi a ƙarshe, sa'a ce. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta."

Ya ce ƙa'idar manyan jirage ita ce a ƙafa 500 in gari a buɗe yake, 1,000 in a rufe, komai ya zama ya zauna: gudu, gangare, layi, filaf. In ɗaya ya kauce, a fasa. Binciken Flight Safety Foundation ya nuna cewa a cikin ɗari na saukar da ba ta zauna ba, kimanin uku kaɗai ake fasawa. Sauran matuƙan, da ƙwarewarsu da komai, titi ne ke jan su.

Da na dawo, fasawar na yi ta koyo. Totur har ƙarshe, fedar dama don injin na jan hanci hagu, ka danne hancin kada ya miƙe da yawa, filaf ya koma 20, gudu ya ƙaru sannan ka janye sauran a hankali. A kwamfuta ba rai a ciki, ba asarar ko kwabo, amma duk da haka na ji zuciyata tana cewa ƙarasa kawai, ai ka kusa. A nan ya kamata mutum ya karya wannan murya, inda karya ta ba ta da tsada.

Asabar

Yanzu a ƙafa 500 nakan faɗa da baki: gudu, fitilu, layi, filaf. In huɗun sun cika na ci gaba, in ba su cika ba na tura totur in sake zagaye. Saukar da nake ƙarasawa ta ragu, amma kusan duk wadda na ƙarasa a kan layi take, kusa da inda na nufa.

Yaya ya gargaɗe ni cewa allo ba ya ba mutum ganin gefen ido, kujera ba ta nutsewa da shi, kuma masu zuwa Zariya daga kwamfuta sukan manne wa agogo su manta da taga. Na karɓa. Mako mai zuwa zan rufe agogunan da takarda in bar na gudu kaɗai, in koma gajeren titi inda mita ɗari ke da daraja, in kuma ƙara iskar gefe zuwa not 15.