Ziyararmu Gidan Tarihin Injunan Gahawa a Italiya

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A wannan karo tafiya ta kai mu Binasco, wani ɗan gari da ke tsakanin Milan da Pavia a arewacin Italiya, inda aka keɓe gida sukutum don ajiye tsofaffin injunan dafa gahawa mai kauri, wadda Italiyawa ke kira espresso.

Sunan gidan MUMAC. Kamfanin Cimbali ne ya buɗe shi a 2012, lokacin da ya cika shekara 100. Da yawa daga cikin injunan wani bawan Allah ne, Enrico Maltoni, ya shafe shekaru yana tarawa yana gyarawa.

Da shigarmu muka yi kiciɓis da injunan farko, dogaye kamar tukwanen jirgin ƙasa, suna ta ƙyalli. Irinsu ne Luigi Bezzera ya yi wa rajista a 1901, aka kuma baje su a kasuwar baje koli ta Milan a 1906. Tururi ne ke tura ruwan, shi ya sa gahawarsu kan fito da ɗacin ƙuna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai Achille Gaggia ya fito da inji mai hannu, wanda in an ja shi yakan matse ruwa da ƙarfi ta cikin garin gahawa, har kumfa ta taso a saman kofi. Can gaba muka ga Faema E61 ta 1961, wadda aka raɗa wa suna saboda husufin ranar da aka yi a shekarar. Famfon lantarki ke tura ruwanta da matsi ninki 9 na iskar da ke kewaye da mu.

To amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne labarin Angelo Moriondo na Turin. Shi ya riga su duka, tun 1884, sai dai injuna kaɗan ya ƙera don shagunansa, har sunansa ya kusa ɓacewa. Takardar rajistarsa ce ta dawo da shi. Masu wannan bincike ba ƙarfe kawai suke tarawa ba, har da takardu da hotuna da tallace-tallace, domin da su ake gane shekarar inji da wanda ya ƙera shi.

Muna kan hanyar komawa muka shiga tunanin gida. Tasoshin iyayenmu mata, da keken ɗinkin kaka, da wasiƙun ajami na waɗanda suka kafa zangonmu, ina suke? Wasu 'yan gwangwan sun saye a kilo, wasu gara ta ci. Mu da muke 'yan tsiraru a ƙasar nan, in ba mu adana namu ba, wa zai adana mana?

Saboda haka, duk mai irin waɗannan kaya ya tambayi dattawa labarinsu tun suna raye, ya rubuta, ya ajiye tare da kayan. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.