Na Je Landan Jin Ƙararrawa

Tun ina yaro, kullum in mahaifina ya dawo daga sallar asuba sai ya jawo rediyonsa ya kamo Landan. Sashen Hausa na BBC tun 1957 aka buɗe shi, saboda haka tare suka tsufa. Wani lokaci yakan murɗa zuwa na Turanci, ko da yake ba ya jin ko kalma ɗaya, don kawai ya ji bugun ƙararrawar nan da ake kira Big Ben ya daidaita agogonsa. Da Allah Ya nufe ni da tafiya Ingila a 2019, bai ce in sayo masa komai ba. Cewa ya yi, "In ka je, ka tsaya gindin agogon nan ka jiyo mini da kunnenka."

Kashegarin saukata na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na sauka tashar Westminster, zuciyata cike da ɗoki. Ina fitowa na ɗaga kai, sai na ga hasumiyar nan mai tsawon mita 96 an lulluɓe ta da ƙarafan magina. Na tsaya har ƙarfe goma sha biyu ta yi, shiru kake ji. Ashe tun watan Agusta na 2017 aka dakatar da bugun saboda gyara, ba a kuwa koma bugawa kullum ba sai a Nuwamba 2022. Ƙararrawar da ta fara bugawa tun 1859, ni da na zo daga Kano sai na tarar tana hutu!

Don in huce takaici na nufi Hasumiyar Landan, tsohuwar fadar nan ta dutse da ke bakin kogin Tems, wadda Sarki William ya fara ginawa wajen 1078. A nan ake ajiye kambunan sarauta, har da lu'ulu'un Cullinan da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905. Muna cikin layi sai wani tsohon Bature ya tambaye ni daga ina nake. Da na ce Kano, sai fuskarsa ta washe. Ya ce ya taɓa zuwa, ya hau Dala, ya ga marinar Ƙofar Mata. Sa'an nan ya tambaye ni wane sarki ya fara gina ganuwarmu, yaya kuma take yanzu.

Jama'a, wallahi na kasa amsawa. Ni da aka haifa cikin birni, ban taɓa hawa Dala ba, ban taɓa leƙa Gidan Makama ba. Na yi 'yan kame-kame, ya yi murmushi ya ƙyale ni. Kunyar da na ji a ranar ta fi sanyin garin ratsa ni.

Da na dawo na bincika, sai na ga littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin, shi kuwa ya yi mulki wajen 1095 zuwa 1134. Wato ganuwarmu da fadar da na biya kuɗi na bi layi don in gani kusan sa'o'in juna ne. Tasu ana tattalinta, tamu kuwa ana ɗibar ƙasarta ana bulo, ana gina shaguna a kanta, ni ma ina wucewa kullum ban ko waiwaya.

Na gaya wa Baba gaskiya cewa ban ji ƙararrawa ba. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "To, ashe ni da nake zaune a nan na fi ka ji." Ranar Juma'ar da ta biyo na ɗauki ƙanena muka hau Dala, na zauna ina nuna masa inda ragowar ganuwa ta bi.