Gamban Iyaka da Ƙudajen Mangwaro

Lokacin da muke yara a Tudun Wada, da zarar mangwaro ya nuna sai ƙananan ƙudaje su yi wa ruɓaɓɓun dandazo a gindin bishiya. Kaka takan ce, "Kai, share min wannan ƙazantar." Ban taɓa tsayawa na dubi idonsu ba, ashe ja ne wur.

Gonarmu kuwa jerin gamba ne ya raba ta da ta Baffa. Ranar da na fara riƙe fartanya, kashedin da Baba ya yi min ke nan: "Ka nome komai, ban da gamban nan. Iyaka ce." A raina na ce ɓarnar fili kawai, ciyawar da ba ta ba da ko zangarniya ɗaya.

Sai da na je karatu Zariya, muna tara irin waɗannan ƙudaje a kwalba da guntun ayaba, na san darajarsu. Kwana goma sun isa ƙwai ya zama ƙuda, shi ya sa masana gado suke kiwonsu, musamman tun 1910 da Thomas Morgan ya ga mai farin ido a Jami'ar Kolombiya. A 1930 Hermann Muller ya samu masu dabbare-dabbaren ido, ja da fari. Ƙwayar gadon launin lafiyarta lau, matsuguni ta sauya. Ta koma gefen inda zaren gado ya cukurkuɗe, cukurkuɗewar ta yi ta mamaye ta kamar yadda kiri-kiri ke cin gonar malalaci.

To me ke kare ƙwayar gado daga tasirin matsuguninta? A 1991 Rebecca Kellum da Paul Schedl na Jami'ar Firinston suka sa wa ƙwayar launin wasu guntayen zare biyu, scs da scs', dama da hagu. Duk inda aka dasa ta, launin idon bai cika bambanta ba. Guntayen nan ba sa ƙera komai na jiki, tsare iyaka ne aikinsu.

Wanda ya fi burge ni shi ne binciken Pamela Geyer da Victor Corces na 1992. Wani guntu mai suna gypsy ya faɗa gaban ƙwayar da ke duhunta jikin ƙuda, furotin Su(Hw) ya hau kansa ya zauna kamar shinge. Saƙon kunna ƙwayar da ke tahowa daga bayan shingen ya tsaya cak, jiki da fukafukai suka yi rawaya, amma gashin ya ci gaba da zama baƙi, don nasa saƙon ta wani ɓangaren yake zuwa. Duk wanda ya taɓa toshe bakin kwami da laka a ban-ruwan Tiga ya san wannan: ruwa na gudu a hanyarsa, fala ɗaya ce kawai ba ta sha.

Bayan rasuwar Baba aka raba gonar. Ƙanina ya sa tarakta ta nome gamban, yanzu turakun siminti huɗu ne a wurin.