Kafin ki kai yara Yankari

Wataƙila ke ma an turo miki bidiyon nan a WhatsApp: giwaye suna takawa a kan yashi a bakin teku, dorina tana wanka cikin igiyar ruwa. Wurin gaske ne, gandun dajin Loango a ƙasar Gabon, inda kurmi ya gangaro har bakin Tekun Atilantika, baƙi kuma suna kwana a sansani cikin dajin. Sai dai kuɗin zuwa can ya fi ƙarfin albashin irinmu. Mu da ke Tudun Wadar Zariya, dajin da mota za ta kai mu, yara su ga giwa da idonsu, shi ne Yankari a Jihar Bauchi. Kamuku ta Birnin Gwari ta fi kusa, amma kin san halin da wannan hanya ta shiga a 'yan shekarun nan.

Tafiyar yini guda ce, don haka a tashi bayan sallar asuba. Pambeguwa, Saminaka, Jos, Toro, sai Bauchi. Daga nan a kama hanyar Gombe, a Dindima a karya dama zuwa ƙofar gandun da ke ƙauyen Mainamaji, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Kada ki ce wa yara an iso: daga ƙofa zuwa sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke, akwai sauran kilomita 40 da 'yan kai cikin daji. In akwai mai goyo ko ƙanana, gara a kwana Bauchi a ƙarasa da safe. Kuma maigida ya bincika lafiyar hanya a makon tafiyar, kada a dogara da labarin bara.

An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin Bauchi. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Ki riƙe wannan adadi a ranki, domin shi ne dalilin da ba za ki yi wa yaro alkawarin zaki ba. Nan ba gidan zu na Kano ba ne, ba keji. Zakunan da suka rage 'yan kaɗan ne, ganinsu sai mai rabo.

Da rani ake zuwa, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, ƙishirwa ta koro dabbobi zuwa bakin kogin Gaji. Ana fita da mota tare da ɗan jagora, safe da yamma. Fitarmu ta farko mun ga gwanki da gwambaza, garken ɓauna daga nesa, da tsuntsayen da ban san sunan rabinsu ba. An ce sun haura iri 350. Giwa kam sai kashinta tuli a kan hanya, da rassan da ta kakkarya. Ƙaramin ɗana ya yi ta kumburi har magariba. Kashegari da sanyin safiya, direba ya kashe mota ba tare da ya ce komai ba, ya yi nuni. Suna tsallake hanya, uwa a gaba, ɗanta yana saƙale da gefenta. Abin da ya ba ni mamaki shirun. Dabba mai wannan girma, amma ba ka jin takunta, sai ƙarar reshe. Yaron da ya san giwa a tatsuniyar da Gizo ya haɗa ta ja-in-ja da dorina, sai ga shi ya maƙale a hijabina yana raɗa wai Gizo bai da hankali.

Giwayen Yankari, waɗanda ake ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya. Mafarauta sun daɗe suna binsu don haure. A ɗan gidan tarihin da ke sansanin za ki ga tarkuna da bindigogin da aka ƙwace. Amma ki ji ta bakin manoman ƙauyukan gefe ma. Garke ɗaya kan share gonar da aka yi damina ana wahala a kanta cikin dare guda. Shi ya sa ƙungiyar WCS da ma'aikatan gandun suka ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya don a san inda suka nufa. Ni dai ban iya zagin manomin da ya tsani giwa ba.

To, bari in sa farar rigata ta aiki. Abin da ya fi ba ni tsoro a Yankari shi ne wurin da ya fi kyau, wato ruwan Wikki. Yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, garau har kina ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Haskensa ne ke yaudara. Yana kama da marar zurfi, alhali wani wurin ya kusa mita 2. Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa kamar a fim, shiru yake nutsewa. Kada ki bar wa yayarsu 'yar shekara goma tsaronsu, kada ki ɗauki hoto da hannu ɗaya kina riƙe da yaro da ɗaya. Babba guda ya tsaya inda hannunsa zai kai gare su. In kina son ki shiga da kanki cikin sutura, da sassafe ya fi, kafin maza su cika wurin.

Sai gwaggon biri. Sun saba da mutane har sun raina su. Suna yawo tsakanin ɗakuna, sun san leda, sun san kular abinci, kuma sun san yaro ya fi sauƙin ƙwace. A ci abinci a ɗaki, ƙofa a kulle, kada a miƙa musu komai. In tsautsayi ya sa ɗaya ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar don allurar tetanus da ta haukan kare, ko da ciwon ƙarami ne.

Akwai ƙudan tsando a dajin, cizonsa da zafi, kuma baƙi da shuɗi ne ke janyo shi. Kalolin hijabanmu ke nan! Ki nemi mai ruwan ƙasa ko ruwan toka mai haske, yara kuma dogon hannu da safa. Ki sa gidan sauro da tocila da ORS a jaka. Zazzaɓin cizon sauro ba ya fitowa nan take, yakan ɗauki mako guda ko fiye. In jikin yaro ya yi zafi bayan kun dawo Zariya, a yi gwaji tukuna kafin a ba shi magani, ki kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa kun kwana a daji.

In lokaci ya rage, ki roƙi ɗan jagora ya kai ku kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen da suka fafe a jikin dutse suka zauna ciki. Akwai ɗan hawa, don haka silifas ba zai yi ba.