Zabin Inna da Sunan da Turawa Suka Raɗa Musu

A ƙauyenmu Abare, zamanin ƙuruciyarmu, da damina ta kankama zabi kan fara ƙwai, mu kuma yara aiki ya same mu. Zabuwa ba ta yarda da akurki. Can cikin ciyawa a bakin gona take yin gurbi, wani lokaci uku ko huɗu su haɗu wuri guda. Inna takan ce, "Kai ɗan nan, bi ta sannu, kada ta gan ka." In an gano gurbin, da ludayi ake ɗiba, don an ce in ta ji warin hannu sai ta ƙaura, kuma dole a rage mata kaɗan don ta dawo.

Zabuwa gwanar ƙwai ce amma ba ta iya reno ba, shi ya sa kaza ake sa wa kwanci. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo kuwa sai ya kai kamar 28. In sun ƙyanƙyashe, raɓar safiya ce babbar abokiyar gabarsu, don haka ba a sakinsu sai hantsi. Mu ne masu tono musu gara a suri, Inna ta haɗa da tsakin gero. Kuɗin ƙwai da na zabin da aka kai kasuwar Anka su ne sabulu, su ne littafin rubutu, su ne ɗinkin Sallah.

A firamare malaminmu ya rubuta mana sunan tsuntsun da Turanci a allo: guinea fowl, kalma biyu a rabe, ko da yake masana tsuntsaye kan haɗe su su rubuta guineafowl. Ta biyun tsohuwar kalma ce wadda a da take nufin kowane irin tsuntsu, daga baya ta tsaya kan na gida. Ta farkon kuwa ita ce Gini, sunan da 'yan Fotugal suka kira gaɓar tekun Afirka ta Yamma da shi tun ƙarni na 15. Rumawa sun taɓa kiwon zabi, amma bayan faɗuwar daularsu tsuntsun ya ɓace a Turai, sai da jiragen Fotugal suka sake kai shi daga yankinmu. A Ingila ta ƙarni na 16 har an riƙa kiransa da sunan ƙasar Turkiyya, saboda fataken da ake dangantawa da can. Da talotalo ya iso daga Amurka, sai aka rikita su, talotalo ya tafi da wancan suna har yau, zabo ya riƙe na Gini. Masana kimiyya ma Numida suke ce masa, daga Numidiya, tsohuwar daula a inda Aljeriya take yanzu. Da Gini da Numida, duk Afirka suke nunawa. Ashe abin da Inna ke kiwo a bayan ɗaki, duniya ta san namu ne.

Wannan kiwo kuwa da ƙasa mai lafiya da daji mai aminci yake rayuwa, mu kuma duka biyun sun taɓu. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta afka wa Abare, Dareta, Bagega da 'Yargalma ta Bukkuyum. Agwagi ne suka fara mutuwa, ba a gane gargaɗin ba, har aka rasa yara fiye da 400, Allah ya jiƙansu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun zo, an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa. Daga baya 'yan bindiga suka mamaye dazukan Anka, Bukkuyum da Gummi, har ya zama uwa ba ta iya tura ɗanta bakin gona neman gurbin zabuwa.

Abin da ke damuna shi ne ilimin da ke kan ɓacewa tare da tsofaffinmu: wace kaza ce ta iya kwanci, yaya ake gwada ƙwai a ruwa, yaushe ake sakin 'yan tsaki. Ba a makaranta muka koye shi ba, a gindin murhu ne. Duk mai tsohuwa a raye, a gida take ko a gudun hijira, ya zaunar da 'ya'yansa gabanta su tambaya su riƙe, domin ranar da Allah ya dawo mana da zaman lafiya, da wannan sani mata za su sake tayar da gidajensu.